Mai saye ya cika kwando ya tafi bai biya ba: a bi shi ko a ƙyale shi?

Mai Atamfa, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda waɗanda nake sarowa a Kantin Kwari, kuma bayan na daɗe ina ciniki ta WhatsApp da Instagram kaɗai, sai na sa aka gina mini shago na kaina a intanet a kan WooCommerce, wato wata manhajar gina shagon intanet, domin in huta da amsa tambayar farashi tun daga safe har dare. Shagon yana aiki, oda kuma tana shigowa, alhamdu lillahi, amma akwai abin da yake hana ni sukuni wanda nake neman shawararku a kansa.

Wanda ya gina shagon ya ɗora mini wata ƙaramar manhaja da take nuna kwandunan da aka cika aka bari. Idan na duba da safe sai in ga mace ta zaɓi atamfa turmi uku da leshi yadi biyar, ta rubuta sunanta da lambar wayarta da unguwarsu, sannan ta tsaya cak a shafin biya, ba ta biya ba, ba ta kuma sake dawowa ba. Masu tafiya sun fi masu biya yawa nesa ba kusa ba, kuma idan na haɗa kuɗin kayan da ke cikin waɗannan kwanduna sai in ga ya ninka cinikin da nake yi a mako.

Wata ƙawata ta ce in riƙa tura wa kowace daga cikinsu ragin kashi 10 cikin 100 nan take, wai haka manyan shaguna suke yi. Ni kuwa ribar atamfa ba ta kai a yi mata wannan yanka ba. Sannan ina jin nauyin in ɗauki lambar da mutum ya rubuta don a kai masa kaya in bi shi da magana, alhali bai saya ba, kada ya ɗauka ina leƙen abin da yake yi. Akwai kuma matsalar kayan da kansu, domin sau da yawa zane ɗaya turmi biyu ko uku kawai nake da shi, ban sani ba ko in ajiye wa wadda ta sa a kwando, ko in sayar wa duk wadda ta riga biya. Don Allah waɗanda suka riga ni a wannan harka su gaya mini yadda suke yi.

Mai Gina Shafuka, Zariya:

Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki kwantar da hankalinki game da yawan masu tafiya, domin ba shagonki kaɗai ba ne. Cibiyar Baymard da ke ƙasar Denmark, wadda aikinta shi ne nazarin yadda mutane suke sayayya a intanet, ta tattara sakamakon bincike kusan 50 da aka yi a shekaru daban-daban, ta samu cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan da ake cikawa ba a biyan kuɗinsu. Wani kaso mai yawa na waɗannan mutanen sun faɗa da bakinsu cewa kallo kawai suke yi, ba su shirya saye ba. Saboda haka jimillar kuɗin da kike gani a cikin kwandunan ba kuɗinki ba ne da ya salwanta, kuma bai kamata ki riƙa auna shi da cinikin mako ba.

Abin da zai amfane ki shi ne ki daina kallon kwandunan a dunƙule, ki duba inda kowane mutum ya tsaya. Wanda ya sa kaya a kwando ya fita ba tare da ya kai shafin biya ba, wannan ba ki da lambarsa, kuma galibi ɗan kallo ne. Wanda ya rubuta suna da adireshi sannan ya fita, wannan akwai abin da ya gani a shafin ya kore shi. Wanda kuwa ya danna maɓallin biya amma kuɗin bai shiga ba, wannan bai yi watsi da kwando ba sam, ya yi niyyar ba ki kuɗinsa ne hanya ta ƙi. A WooCommerce irin wannan yana fitowa ne a jerin oda, a matsayin wadda take jiran biya ko wadda biyanta ya faɗi, kuma su ne ya kamata ki fara dubawa kowace safiya kafin ki waiwayi sauran.

A ƙasar nan wannan rukuni na ƙarshe yana da girma fiye da yadda masu shago suke zato. Mutum zai sa lambar katinsa, banki ya ce zai turo masa lambar tabbatarwa ta saƙon waya, ya zauna yana jira har lokacin ya ƙare ba ta iso ba, ko ta iso a layin da ba ya tare da shi. Wani kuma katinsa ba a buɗe shi don biya a intanet ba, wani sabis ne ya ɗauke a tsakiyar biya. Maganin wannan shi ne kada kati ya zama hanya ɗaya tilo. Paystack da Flutterwave, kamfanonin da suke karɓar wa shaguna kuɗi a intanet, duka suna ba da damar biya ta transfa da ta lambar USSD ban da kati, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutanenmu sun saba da transfa fiye da kowace hanya, har mai sayar da shayi yana karɓa. Ki tabbatar an kunna su, kuma mai saye yana ganinsu ba tare da ya nema ba.

Akwai haɗari ɗaya a nan da nake so ki riƙe. Yana yiwuwa a cire wa mutum kuɗi a asusunsa, kuɗin ya isa wurin kamfanin biya, amma saƙon tabbatarwa bai kai ga shagonki ba saboda ba a saita haɗin da kyau ba, sai odar ta zauna a matsayin wadda ba a biya ba. Idan manhajarki ta tura wa wannan mutumin saƙo cewa ya manta bai biya ba, alhali alat ɗin cirewa yana cikin wayarsa, to kin rasa shi, kuma zai gaya wa wasu. Kafin ki tuntuɓi kowa a wannan rukuni, ki buɗe shafinki na kamfanin biya ki duba ko kuɗinsa ya shigo.

Su kuwa masu tsayawa bayan sun rubuta adireshi, binciken Baymard a kan masu saye na Amurka ya nuna cewa babban dalilinsu shi ne ƙarin kuɗin da yake bayyana a ƙarshe, wato kuɗin kai kaya da haraji da makamantansu. A cikin manyan dalilan kuma akwai tilasta wa mutum ya yi rajista kafin ya saya, da rashin yarda ya ba wa shafin lambar katinsa, da tsawon matakan biya. Abin da nake gani a shagunan da nake gyarawa a nan bai bambanta ba. Mace ta ga turmi a kan farashin da ta amince da shi, ta cike komai, sai a layin ƙarshe kuɗin aike ya faɗo mata kwatsam. Ba lalle ba ne kuɗin ya fi ƙarfinta, amma tana jin kamar an ɓoye mata shi ne da gangan. Ki sa kuɗin aike a ƙarƙashin farashin kowane kaya, ko aƙalla a shafin kwando, tun kafin ta rubuta sunanta.

Sannan ki ɗauki wayarki, ba kwamfuta ba, ki kashe wifi, ki gwada sayen turmi ɗaya a shagonki da datar layi. WooCommerce yana zuwa ne da guraben da aka tsara don Turai da Amurka, har da waɗanda ba su da amfani a nan. Duk gurbin da ba ya taimaka wa mai kai kaya ya sami gidan, a cire shi, a bar suna da lambar waya da gari da kwatance. A kuma kunna saye ba tare da rajista ba. Amazon, babban shagon intanet na Amurka, sun ɗauki wannan batu da muhimmanci har suka yi rajistar mallakar fasahar saye da danni ɗaya a 1999, suka riƙe ta har wa'adinta ya ƙare a 2017, domin sun san kowane ƙarin mataki yana zubar da masu saye.

Game da ajiye kaya, sa kaya a kwando ba ya riƙe shi a WooCommerce, wani yana iya zuwa ya saye. Riƙewa tana farawa ne idan an kai ga biya, kuma akwai saitin da yake ajiye kayan na minti 60 ga odar da ba a biya ba, bayan haka ya soke ta ya mayar da kayan kasuwa. Kina iya rage shi ko ƙara shi. Amma ki lura cewa idan kin kunna biya kai tsaye zuwa asusunki na banki, wanda ke kike tabbatarwa da hannu, irin wannan odar ba ta sokuwa da kanta, za ta riƙe turmin har sai kin shiga kin soke.

Hajiya Mai Turare, Kaduna:

'Yar'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, kuma bayanin Malam mai gina shafuka ya yi, sai dai zan ƙara abin da ba a gani ta cikin manhaja. Ni turaren wuta da humra da kayan gyaran ɗaki nake sayarwa, masu sayena kuma irin naki ne, mata ne galibi. Kwandon mace ba kullum yake nufin yanzu za ta biya ba. Wata takan cika shi ne ta ɗauki hotonsa ta tura wa maigida, sai ya dawo da dare su yi magana. Wata jiran albashi take yi, wata jiran kwasar adashe. Wata kuma lissafin lefe ake haɗawa, an sa ta ta gano nawa kayan za su kama kafin dangin ango su zauna. Duk waɗannan ba su fasa ba, lokacinsu ne bai yi ba, kuma abin da suke buƙata daga gare ki shi ne kwandon ya tsaya yadda suka bar shi, su kuma san cewa akwai mutum a bayan shagon.

Yawancin manhajojin bin kwando imel suke turawa, domin a ƙasashen da aka ƙirƙire su mutane suna karanta imel. Masu sayenmu da yawa sun buɗe adireshin imel ne ranar da suka sayi waya don ta kunnu, ba su sake waiwayarsa ba. Ni ta WhatsApp nake magana, kuma da hannuna nake rubutawa, ba na'ura ba. Abin da nake rubutawa bai wuce wannan ba: "Assalamu alaikum Hajiya, daga shagon turare ne. Na ga kin zaɓi kaya amma biyan bai kammala ba, ko akwai abin da ya ba ki matsala in taimaka? Idan kuma ba yanzu ba, babu komai." Ba na ambaton ragi, ba na cewa ta yi sauri. Tambaya ce, kuma amsoshin da nake samu su ne suka koya mini shagona, domin a nan ne wata za ta ce kuɗin aike ya yi yawa, wata ta ce kati ya ƙi, wata ta ce tana so ta ga bidiyon kayan a cikin hasken rana kafin ta yarda.

Wannan na ƙarshen ya shafe ki fiye da ni. Atamfa a hoto daban take da atamfa a hannu, kuma babu wadda ba ta taɓa jin labarin wadda ta biya kuɗin mai kyau aka kawo mata ta roba ba. Idan ta nemi bidiyo, ki buɗe turmin a waje, ki nuna mata gaba da baya da rubutun bakin zanen, ki ambaci sunanta a cikin bidiyon don ta san yanzu aka ɗauka. Sau da yawa daga nan ciniki yake faɗawa, a cikin WhatsApp ɗin, ta transfa, ba tare da ta koma shafin ba, kuma wannan ba aibu ba ne, kuɗin dai naki ne.

Lokacin tura saƙon ma abin lura ne. Wadda biyanta ya faɗi nakan tuntuɓe ta da zarar na gani, tun tana riƙe da wayar. Wadda ta fita da kanta nakan bari sai washegari da hantsi ko bayan la'asar, ba na tura wa matar aure saƙon ciniki cikin dare, ba na kuma barin yaron shago ya kira ta. Idan ta yi shiru nakan sake tuntuɓa sau ɗaya kusa da ƙarshen wata, daga nan na bar ta.

Batun ragin kashi 10 kuwa ban goyi bayan ƙawarki ba ko kaɗan. Ki yi lissafi da misali: a ce turmi naira 30,000 ne, ribarki a kai 4,000. Ragin ya cinye 3,000. A kan 27,000 ɗin da ta biya, idan ta Paystack ne, za a cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, wato 505. Abin da ya rage miki bai kai 500 ba, ba a yi maganar leda da data da kuɗin zuwa Kwari ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne koyarwar da kike yi. Ke da kike sari a Kwari kin san mai shagon da duk wanda ya taya ya juya baya sai ya kira shi ya sallama, ba a daɗewa kowa ya gane cewa juya baya shi ne hanyar samun farashinsa na gaskiya. Mata suna gaya wa juna komai a zaurukansu na WhatsApp, cikin ɗan lokaci za a san cewa a shagonki cika kwando ake yi a jira saƙon ragi, sai ki wayi gari kina rage wa waɗanda da can za su biya cikakke. Idan dole sai kin ba da wani abu, ki ba da gyara, kamar ɗan kwali ko rangwame a kuɗin aike, farashin turmi ya tsaya a inda yake.

Malam Mai Nazarin Doka, Abuja:

Hajiya mai tambaya, nauyin da kika ce kina ji game da lambar waya ba kunya ce kawai ba, yana da tushe a doka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, kuma lambar waya da suna da adireshi duk suna cikin bayanan da take karewa. Ginshiƙin dokar shi ne cewa bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata manufa da ta saɓa mata. Ta kuma ba mutum haƙƙin ya ce a daina aiko masa da talla, kuma idan ya faɗa dole a daina, sannan ta bayyana cewa shirun mutum ba amincewa ba ne.

A fahimtata, tambayar wanda biyansa ya faɗi ko yana buƙatar taimako tana cikin hidimar cinikin da shi da kansa ya fara. Amma ɗaukar lambobin duk waɗanda suka bar kwando a zuba su a jerin masu karɓar tallan sababbin kaya, ko a saka su a zauren WhatsApp ba da saninsu ba inda kowa yake ganin lambar kowa, wannan wani abu ne daban, kuma shi ne abin da masu shago da yawa suke yi. Gyaran ba shi da wahala. A ƙarƙashin gurbin lambar waya a sa ɗan akwati da mai saye zai danna da hannunsa, a rubuta a fili cewa ya yarda a tuntuɓe shi ta WhatsApp game da wannan odar, kada kuma a danna masa shi tun kafin ya zo. Wanda bai danna ba a ƙyale shi.

Ko ba don doka ba, akwai asarar da take jiran mai wuce gona da iri. Ƙa'idar WhatsApp ga 'yan kasuwa ta ce sai da izinin mutum ake fara aika masa saƙo, kuma idan mutane suka yawaita toshe lamba ko kai ƙararta ana iya rufe ta, ga shi a wurin yawancinku wannan lambar ita ce shagon. Masu tunanin komawa ga saƙon waya na talla su tuna cewa tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 da mutane suke amfani da ita su toshe irin waɗannan saƙonni, saboda haka wani kaso ba zai isa ba ko an biya kuɗinsa.

Abu na biyu da nake so in ja hankali a kai shi ne abin da ake rubutawa a cikin saƙon. Wasu manhajojin suna zuwa da agogo mai ƙirga lokaci a kan kwando, ko rubutun da yake cewa saura biyu, ko mutum kaza suna kallon wannan kaya yanzu, alhali babu ko ɗaya da yake gaskiya. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta fitar da rahoto a kan irin waɗannan dabaru a 2022, Indiya kuma ta fitar da ƙa'idoji a 2023 da suka lissafa gaggawar ƙarya da ɓoye wani ɓangare na farashi har zuwa ƙarshe a cikin abubuwan da ta haramta. Mu kuma muna da hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ke da kike da turmi biyu da gaske, faɗa mata cewa biyu ne suka rage kuma ba ki iya ajiyewa sai an biya, gaskiya ce da za ta amfane ta. Wadda take da dila guda ta rubuta haka kuwa ta yi ha'inci, ko da manhaja ce ta rubuta mata.

Mai Atamfa, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba jerin odar kamar yadda Malam ya ce, kuma lalle akwai waɗanda biyansu ne ya faɗi. Zan sa a ɗora akwatin neman izini, a kuma cire guraben da ba su da amfani. Inda na tsaya shi ne kuɗin aike, domin ni kaina ba na saninsa sai an je tasha. Cikin Kano da sauƙi, amma na Abuja da Legas da Maiduguri a mota nake sawa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin direbobi ba ya zama wuri ɗaya. Ina kuma da masu saye a Maraɗi da Damagaram. Ta yaya zan rubuta kuɗin da ban tabbatar da shi ba? Sannan wasu suna cewa sai kaya ya iso hannunsu za su biya, shin in yarda?

Alhaji Mai Kayan Waya, Kano:

Hajiya, ni caja da batir da sauran kayan waya nake aikawa daga Farm Centre, kuma kullum yarana suna tasha, saboda haka wannan tambayar tawa ce. Ba sai kin san kuɗin kowace mota daidai ba kafin ki rubuta farashi. Ki raba garuruwan zuwa shiyyoyi kaɗan, cikin Kano daban, jihohin da suke kewaye da mu daban, Abuja da Arewa ta tsakiya daban, Arewa maso gabas daban, Kudu daban, ki duba abin da kika biya direbobi a 'yan watannin nan, ki sa wa kowace shiyya kuɗi ɗaya tsayayye da ya ɗan ɗara matsakaici. WooCommerce yana da wurin saita shiyyoyin aike, mai gina miki shago zai yi shi cikin ɗan lokaci. Wata rana za ki cika daga aljihunki, wata rana a sami saura, idan aka haɗa wata guda sai ya daidaita, kuma idan mai ya tashi ki gyara jadawalin. Abin da yake korar mutum shi ne rubutun da yake cewa za a sanar da shi kuɗin aike daga baya, domin ba wanda yake son ya biya kuɗin kaya sannan ya zauna jiran abin da za a yanka masa. Ki kuma rubuta a fili ko kuɗin na kaiwa tasha ne ko har ƙofar gida, domin a nan rigima take yawan tashi.

Biya bayan kaya ya iso hanya ce da Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara a 2012, suka bi don mutane su saba da sayayya a intanet, kuma babu shakka tana rage masu barin kwando. Sai dai tana mayar da matsalar ne daga shafin biya zuwa ƙofar gida, inda ta fi tsada, domin wanda ya fasa a shafi bai ci miki ko kwabo ba, wanda ya fasa bayan kaya ya isa Legas kuwa ya ci miki kuɗin zuwa da na dawowa, kayan kuma sun yi kwanaki ba sa kasuwa. Ni a cikin Kano ina yarda, amma sai an fara biyan kuɗin aike a matsayin kafin alƙalami, sauran a biya ta transfa a gaban mai kaiwa, kuma ba ya sakin kaya sai na ga kuɗin a asusuna, ba a hoton risit ba. Wajen jiha kuwa ba na yi sai ga wanda ya taɓa saye a wurina.

A kan ragi na ɗan saɓa da Hajiya mai turare. Na yarda kada ya zama abin da kowane mai barin kwando yake samu, amma akwai kayan da yayinsu yake wucewa. Zanen da aka yi rububinsa kafin Sallah, idan ya kwana biyu bayanta, ragin da zai fitar da shi ya dawo miki da uwar kuɗi ya fi a bar shi a kan kanta, kuma wadda ta taɓa sa shi a kwando ita ce ta fi kowa cancantar a fara gaya mata, idan ta ba da izini. Sai dai ragin ya kasance na kayan ne, kowa ya gan shi a shafin, ba ladan fita daga shago ba.

Ina kuma ba ki shawara ki gwada amfanin saƙon da kanki, domin manhajar bin kwando takan lissafa duk wanda ya dawo a matsayin aikinta, har da wanda dama zai dawo idan albashi ya shiga. Ki yi wata guda kina tuntuɓar rabin masu barin kwando kina ƙyale rabin, banda waɗanda biyansu ya faɗi, su kam kowa a tuntuɓe shi, sannan ki gwada yawan waɗanda suka dawo a kowane ɓangare. Bambancin da kika gani shi ne abin da saƙon yake kawowa da gaske, da shi za ki yanke ko ya cancanci lokacinki.

Na Maraɗi da Damagaram kuwa kada ki matsa musu su bi ta shafin biya, domin da sefa suke ciniki, canjin yana motsi, kuma yanayin iyaka yana sauya kuɗin mota da ranar isowa. A shafin kwando a sa musu maɓalli da zai turo miki jerin kayan da suka zaɓa kai tsaye ta WhatsApp, sai ku daidaita canji da hanyar aike a can, ki riƙe musu turmin zuwa wa'adin da kuka yi, idan ya wuce ki mayar da shi shago.